Takarda Ba Ta Taka Birki: Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Shugabannin 'Yan Acaba Na Kewayen Abuja

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranku ya daɗe ciyamomi, sakatarori da masu yanka tikiti na tashoshin babura, tun daga nan Mpape zuwa Dutsen Alhaji, Kubwa, Dei-Dei, Gwagwa, Karmo, Zuba, har Nyanya da Karu. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ya aiki, ya haƙuri da jama'a?

Ni bakaniken babur ne. Rumfata tana bakin hanya a Mpape, kuma na haura shekara ashirin hannuna cikin baƙin mai. Wasunku sun zauna a bencina suna jiran in gama musu juye tun kafin a zaɓe su kan kujera, don haka ba baƙo ne ke muku magana ba. Maganar nan ta duba lafiyar baburan yaranmu na kawo ta gaban taro har sau biyu. Duka biyun aka ce za a duba, aka shafa fatiha aka watse. Shi ya sa na ce bari in rubuta ta inda kowa zai gani.

Da laifina zan fara, don kada wani ya ce na zo wanke kaina.

A daminar bara, ana gab da kiran magariba, wani yaro ya tsaya a rumfata da Boxer ja. Bai wuce shekara ashirin da biyu ba, ɗan wajen garinmu ne, mahaifinsa ma na san shi. Ko sauka bai yi ba, ya kafa ƙafa ɗaya a ƙasa ya ce, "Baba, ɗan ɗaure min birkin baya, ya yi nisa." Na durƙusa na duba. Notin da ake ɗaurewa ya riga ya kai ƙarshen zare, babu sauran inda zai je. Duk wanda ya san babur ya san ma'anar wannan: birki-shu ya cinye, saura ƙarfe ya fara gogar ƙarfe. Na ce masa, "Yaro, wannan ba na ɗauri ba ne, na canji ne. Sauka in buɗe tayar." Ya zaro kuɗin aljihunsa ya nuna min, duk sun dunƙule da gumi. Ya ce balas ɗin maigidansa, wato kuɗin da yake kai wa mai baburin kullum, bai cika ba, kuma jiya ma bai cika ba, in ya sake zuwa da giɓi yau za a karɓe makulli. "Don Allah Baba, gobe da sassafe zan kawo shi."

Na san goben ɗan acaba. Amma na ɗauko wani tsohon noti na cusa a bayan na farkon don ya ƙara tsawo, na ɗaure, na taka, ya kama. Ya yi godiya ya tafi. Ko sisi ban karɓa ba, har ina ganin na yi taimako.

Kwana huɗu bayan nan, yana gangarowa da fasinja a bayan wata tifa mai ɗauke da dutse, tifar ta tsaya, shi bai tsaya ba. Fasinjan Allah ya kiyaye, ƙujewa kawai ya yi. Yaron kuwa ƙafarsa ta dama ta karye biyu. Da aka turo min baburin a baro, na ɗaga kujera don in cire batir, sai ga takardunsa a naɗe cikin leda, tsaf, ko ruwa bai taɓa su ba. Lasisin babur, inshora, da takardar shaidar lafiyar abin hawa, wadda ta ce baburin nan lafiyarsa ƙalau, kuma da sauran watanni kafin ta ƙare. Da na je duba shi wajen mai ɗori na tambaye shi ranar da ya kai baburin aka gwada. Ya dube ni kamar na yi masa Faransanci. Wani ɗan kamasho ya ba wa kuɗi da tsofaffin takardu, bayan kwana biyu aka kawo masa sababbi a tasha. Baburin ko motsawa bai yi daga layi ba.

To ranku ya daɗe, ku gaya min tsakani da Allah: a tashoshinku, babur nawa ne takardarsa ta bi ta wata hanya ba wannan ba?

Ita takardar nan da ake sabuntawa duk shekara, asalin manufarta mai kyau ce. Ana so a ce sau ɗaya a shekara wani wanda ba mai babur ba, ba kuma bakanikensa ba, ya taka birki, ya dubi taya, ya kunna fitila, ya danna hon, ya girgiza kan babur ya ji ko boris ya saki, ya duba lambar inji da ta jiki ko sun dace da takarda. Aikin da ba zai ci minti goma ba. Mu muka mayar da ita rasit ɗin da ake nuna wa mai kaki a wuce. Yaranmu sun fi tsoron ranar da takarda za ta mutu a kan ranar da birki zai mutu, alhali kuwa ita takarda in ta mutu, tara ce ko kwana biyu babu aiki.

Na san abin da wasu ke faɗa a majalisa tun watan Oktoban 2024, lokacin da Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta yanke hukuncin cewa jami'an VIO, masu duba lafiyar ababen hawa, ba su da ikon tsare abin hawa a kan hanya, ko ƙwace shi, ko cin tarar mai shi. Ranar da labarin ya fito, a rumfata har tafi aka yi. Wani ya ce shi ke nan, ya daina sabunta komai. Na ce masa kotu ta yi magana ne a kan ikon ma'aikata, ba ta ce tayar da ta suɗe za ta riƙe kwalta in an yi ruwa ba. In ma masu tsarewa a hanya sun ragu, nauyin dubawa ya ƙara dawowa wuyanmu ke nan.

Bari in ɗan tsaya a kan birki, don nan ne abin ya fi ci min rai. Ku zagaya layin tasharku gobe da safe, ku matsa hannun birkin gaba na babura goma. Za ku tarar da wanda wayar ta tsinke tun bara ba a sa wata ba, da wanda hannun ke lilo kamar kunnen akuya, da wanda mai shi ya kwance da gangan. Akwai wata magana da ta zauna daram a kan yaranmu, wai birkin gaba shi ke kayar da mutum. Wanda ya koya musu tuƙi haka ya gaya musu, shi ma haka aka gaya masa. Gaskiyar ita ce, in babur na gudu aka taka birki, nauyin mutum da na inji duk gaba suke tafiya, tayar gaba ta danne ƙasa, ta baya ta yi sakayau. Don haka mafi yawan ƙarfin tsayawa a gaba yake. Wanda ya dogara da na baya kaɗai, in ya taka da ƙarfi tayar ta kulle, sai bayan babur ya fara jan ƙasa yana karkacewa. Abin da ke kayar da mutum shi ne fizgar birkin gaba lokaci ɗaya, musamman a kan yashi ko a kwana. Maganinsa a koyi matsawa a hankali tare da na baya, ba a cire shi ba. A gari irin Mpape, inda hanya take hawa da gangara kuma tifofin masu fasa dutse ba sa yankewa, mai tafiya da birki ɗaya da rabin ransa yake tafiya.

Taya ma haka. Ana hawanta har sai ta yi sumul kamar tafin hannu, zare ya fara leƙowa, sannan a kai wa mai faci ya sa mata ƙyalle daga ciki. A cikin zanen taya akwai wasu 'yan tudu ƙanana da kamfani ya sa. In zanen ya cinye ya yi daidai da su, tayar ta gama aikinta. Kuma a gefen yawancin tayoyi akwai lambobi huɗu da ke faɗin ranar haihuwarta: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 1521, an yi ta a mako na 15 na shekarar 2021. Roba tana tsufa ko ba a hau ta ba, ta bushe ta tsattsage, don haka tayar da ta shekara da shekaru a shago ba sabuwa ba ce don kawai tana cikin leda. Na nuna wa masu babura da yawa lambobin nan, kusan kowa sai ya ce bai taɓa lura ba. Sai kuma sabon salon da ya shigo tun da mai ya yi tsada: a bunƙa wa taya iska har ta yi tauri kamar dutse, wai babur ya fi sauƙin gudu ya rage shan mai. Abin da ya rage shi ne faɗin robar da ke taɓa ƙasa.

Madubi kuwa, abin dariya abin kuka. Sabon babur in ya fito daga kwali, ledar kujera da ta tanki za su shekara ba a cire ba, amma madubi ko kwana ba ya yi. Wai yana hana kurɗawa tsakanin motoci, wai na tsofaffi ne. Sigina ta bi bayansa. Fitilar baya in ƙwanta ya ƙone, sai dai in babur ya canza hannu. Da dare a hanyar da babu fitilun titi, direban mota ba ya ganin ɗan acaba sai ya zo kansa. Amma a sami kuɗin sa hon na tirela da fitilu masu walƙiya shuɗi da ja, wannan ba ya gagara.

Akwai wani abu ƙarami da nake roƙonku musamman saboda iyayenmu mata, shi ne murfin sarƙa. Yara suna cire shi don yana ƙara in ya saki, ko don a riƙa ɗaure sarƙa ba wahala. Fasinjojinku kuwa rabi mata ne masu zane da hijabi da doguwar riga. Duk bakaniken da ya daɗe a sana'a ya taɓa warware gefen zane daga cikin sarƙa da almakashi. Wanda ya taɓa gani ba ya so ya sake gani. Ita kanta sarƙar, in ta bushe da laka, haƙoran farantin suka yi tsini kamar na zarto, tana iya tsalle ta maƙale ta kulle tayar baya ana tsakiyar gudu. Lilonta kada ya wuce kamar faɗin yatsa biyu, a wanke ta, a sa mata mai. Ba wani ilmi mai zurfi ba ne.

Kada ku ɗauka ban san inda takalmin ke matsa yaran nan ba. Na sani sarai. Kafin 29 ga Mayun 2023 litar fetur a farashin gwamnati ba ta kai naira 200 ba. Da aka cire tallafi ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta zarce 1,000. Naira ta faɗi, kayan gyara kuma kusan duk daga Indiya da Sin ake kawo su, sai farashinsu ya bi dala. Yaro ya tashi tun asuba, ya sayi mai, ya yanki tikiti, ya haɗa balas, ya ci abinci, ya aika wa gyatuma wani abu a gida. Abin da ya rage shi ne na gyara, kuma galibi babu abin da ya rage. Shi ya sa ake zuwa mana a ce a shaƙe kafireta don a rage shan mai, inji ya riƙa zafi, fulogi ya fito fari fat, bayan wata kaɗan a zo ana neman fistin da ringi. Shi ya sa ake sayen baƙin mai na awo a gorar ruwa, wanda ba wanda ya san daga wace durom ya fito. Shi ya sa ake jefar da soson iska in ya toshe maimakon a wanke shi, ƙurar hunturu ta shiga inji kai tsaye ta riƙa cin sa kamar sanfefa. Boxer da TVS da Haojue duk babura ne masu haƙuri, an yi su don wahala. Na ga wanda ya yi shekaru yana aiki ba a taɓa buɗe injinsa ba, don kawai mai shi ba ya wasa da juye. Na kuma ga wanda bai rufa shekara ba ya fara hayaƙi. Kamfani ɗaya, kwali ɗaya.

Amma tsadar rayuwa ba ta sauke muku nauyi ba, ranku ya daɗe, ƙara muku ta yi. Kullum ta Allah kuna karɓar kuɗin tikiti daga hannun kowane yaro. Ban ce kuna ci ba. Na san ana belin wanda aka kama, ana kai gawa gida, ana taimaka wa wanda ke asibiti. Sai dai duk wannan bayan ɓarna ne. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski, kuma askin da ya fi amfani shi ne wanda ake yi tun yaro na kan ƙafafunsa.

Ku kuma tuna a kan wace irin ƙasa sana'ar nan take tsaye. Ina yaron shago a watan Oktoban 2006 lokacin da Malam Nasir El-Rufai, yana ministan Abuja, ya hana acaba a tsakiyar birni. Dare ɗaya Wuse da Garki da Maitama suka fita daga hannunmu, aka turo kowa gefe. Kano ta hana goyo a babur a Janairun 2013 bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero. Legas ta hana acaba a ƙananan hukumomi shida a Yunin 2022, daga baya ta ƙara wasu. Nan Abuja kun ga hotunan baburan da aka kama ana niƙe su da katafila. Kuma ba wanda ya manta Dei-Dei a Mayun 2022: haɗarin babur ɗaya da ya ci ran wata fasinja ya zama rikici tsakanin 'yan acaba da 'yan kasuwa, aka rasa rayuka, aka ƙona shaguna a kasuwar katako, har ministan lokacin, Malam Muhammad Musa Bello, ya rufe kasuwar. Dalilan hani sun bambanta daga gari zuwa gari, wani tsaro ne, wani haɗari. Amma duk lokacin da aka tashi hanawa, babu mai fitowa ya kare mu, saboda kowane gida akwai wanda ke da tabon babur a jikinsa. Gemun 'yan'uwanmu ya daɗe da kama wuta.

Halinmu na yi wa doka wayo ma ba yau ya fara ba. A Janairun 2009 da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta fara tilasta sa hular kwano, wasu ƙwarya suka kifa a ka suka ɗaura mata igiya, wasu robar fenti, har gidajen rediyon ƙasashen waje suka ɗauka. Mun sha dariya lokacin. Takardar lafiyar babur da aka saya ba tare da an ga babur ba, ita ce ƙwaryar wannan zamanin, sai dai ita a ƙarƙashin kujera ake ɓoye ta.

Abin da nake nema a wurinku ba ya bukatar izinin minista. Kowace tasha ta ware safiya ɗaya a wata. Kafin a yanka wa kowa tikiti, a sa bakanike ɗaya da dattijo ɗaya daga cikin masu hawa su bi layi: birkin gaba, birkin baya, taya, sarƙa da murfinta, fitilar gaba da ta baya, madubi. Wanda ya cika a yi masa alama a katinsa. Wanda bai cika ba kada a ci shi tara, don tara ita ce za ta mayar da abin wata hanyar karɓar kuɗi, yara su fara gudunsa kamar yadda suke gudun masu kaki. A ba shi kwana uku ya gyara, in birki ne kuwa a ranar, kada ya ɗauki fasinja sai an canza. In ba shi da kuɗi, ƙungiya ta saya masa daga asusun tikiti ya riƙa biya kaɗan-kaɗan. Ku sayi birki-shu da wayar birki da ƙwan fitila a kwali daga babban dila, za su zo muku da sauƙi, kuma ku san abin da kuka saya.

Masu ba da babur haya ko biya-a-hankali su ma ku zaunar da su. Mutum ya sayi babura biyar ya raba wa yara, ba abin da ya sani sai balas da yamma, taya da birki duk a wuyan yaro. Ku sa a rubuce cewa ranar da aka kai babur gyaran birki ko canjin taya, balas ɗin ranar ya faɗi ko a raba shi biyu. Da akwai wannan sharaɗin, da yaron nan ya sauka daga kan baburinsa a rumfata.

Idan lokacin sabunta takardu ya zo, ku daina barin kowa ya nemi ɗan kamashonsa. Ku tattara sunayen waɗanda nasu ya kusa ƙarewa, ku je ofis a ƙungiyance ku roƙi a sa muku rana, ko a turo jami'in dubawa tasha, ko ku kai baburan rukuni-rukuni. A biya abin da ke rubuce a karɓi rasit. Baburin da aka duba sau goma sha biyu a gida ba ya fargabar dubawa ta shekara. Inshorar ma ku tabbatar ta gaskiya ce, don ta bogi da ta gaskiya kamarsu ɗaya a ido, sai ranar da aka buge motar wani ake gane bambanci.

Mu ma makanikai da masu shagon kayan gyara kada ku ƙyale mu. A cikinmu akwai mai karɓar kuɗin gangariya ya sa jabu, akwai mai wanke tsohon boris da kananzir ya mayar, akwai kuma irina, mai tausayin da ba shi da amfani. Birki-shu na jabu yakan ɓare daga jikin ƙarfensa in ya yi zafi, kuma kwalinsa wani lokaci ya fi na gaskiya kyau. Duk bakaniken da aka kama da wannan, ku sanar a tasha a daina kai masa aiki. Ni na yarda a fara da rumfata.

Yaron yanzu yana takawa da sanda, ƙafar ta ɗan gajarta. Maigidansa ya karɓi baburin ya ba wani. Yakan zo ya zauna a bencina, na fara koya masa kwance kafireta, hannunsa da kyau. Bai taɓa ce min komai a kan notin nan ba, ni ma ban taɓa tayar da maganar ba, amma mahaifinsa na gaya masa gaskiya.

Ciyaman na tasharmu ya san inda nake. Asabar ɗin farko ta kowane wata, daga bayan sallar asuba zuwa ƙarfe tara, ni da yarana biyu za mu zo da sifana da filaya da gejin iska, ba ma son ko kwabo. A sa mana benci ɗaya a bakin layi, a kuma gaya wa mai tikiti ya jira mu gama.

Na gode, Allah ya ƙara girma, ya tsare mana yaranmu a kan hanya.

Naku,
Wani bakaniken babur,
Mpape, Abuja.